Gwada ɗagawa a kwamfuta kafin kiren ya iso: har ina za a dogara da shi?

Injiniyan Ɗagawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai direbobi, akwai masu ɗaure kaya, akwai masu lissafi.

Muna da aikin cire wani tulun musayar zafi daga cikin masana'antar da ba ta daina aiki ba, mu sa sabo a gurbinsa. Takardar maƙera ta ce tan 62. Da muka haɗa ƙugiya da sandar raba nauyi da igiyoyi da shakul (ƙarafan da ke haɗa igiya da kaya), ya kama tan 66. Na zana shirin yadda muka saba: zane ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, na auna tazara daga tsakiyar juyin kiren, wato injin ɗaga kayan, zuwa wurin ɗauka, na auna zuwa wurin saukewa, mafi nisa mita 18. Jadawalin nauyi, wanda ke nuna abin da kiren zai iya ɗauka a kowace tazara, ya ba mu tan 80 a wannan tazarar. Wato muna kan kashi 82 da ɗoriya na ƙarfin kiren. Na sa hannu, hankalina kwance.

Mai masana'antar ya ce sai mun gwada a kwamfuta tukun. Wanda ya nema shi ne irin da kake riƙe madannai kana juya kiren da kanka, yana nuna maka tazara da kason nauyi da ratar da ke tsakanin kaya da duk abin da ke kewaye, a daidai lokacin da kake motsawa. Na ga kamar ɓata lokaci ne, amma muka zauna, na kira direban da zai yi aikin na miƙa masa madannan. Abu na farko da ya faɗa: "Ni ba ta dama zan juya ba, ta hagu zan bi, don ta nan ne nake ganin kayan." Ya juya hagu, allon ya yi ja. Nauyin bayan kiren, wato ƙarafan da ke hana shi kifewa, ya daki wata gadar wayoyin lantarki da ban ma sa ta a zanen gefe ba, don ba ta kan layin da na yanka. Muka koma ta dama. Don a tsallake gadar bututu dole a ɗaga tulun sama sosai, kuma da ya kai can, gefen sandar raba nauyi ya rage saura santimita 30 ya taɓa bum ɗin kansa, wato dogon hannun kiren. Zanena ya nuna farko da ƙarshe lafiya lau. Abin da ke tsakani ne ban gani ba.

Tambayata: ya kamata a wajabta irin wannan gwaji a kan duk wata ɗagawa mai haɗari, ko kuwa ni ne kawai na yi sakaci a zane?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah Ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya a kan kanka, ba kowa ke iyawa ba. Amma ka sake karanta labarinka. Wa ya gano matsalar? Direba. Da ka kai shi filin tun farko kun zaga da ƙafa, ya tsaya inda kujerarsa za ta kasance, da ya nuna maka gadar wayoyin da yatsa. Shekara 31 na yi a kan kujera, abin da ya fi ba ni ciwo shi ne a kawo mini takarda da safe an riga an sa mata hannu shida, ba wanda ya tambaye ni komai. Ba kwamfuta kuka rasa ba, mutumin da zai ja libar kuka bari a waje.

Injiniyan Ɗagawa:
Baba, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Gadar wayoyin, ƙwarai, da ƙafa ma za a gan ta. Amma santimita 30 tsakanin sanda da bum a sama da mita 20, kiren kuma bai ma iso filin ba, wannan ido ba zai ba ka shi ba komai gogewa.

Tsohon Direba:
Wannan kam gaskiya ne. Ni ma da na gan shi ne bayan kaya ya tashi, kuma lokacin an makara.

Ɗan Koyo:
Manyana ku yi haƙuri da ni, wata shida ke nan da fara aiki. A wurinmu ma ana nuna mana bidiyon ɗagawa kafin a fara, kiren na juyawa, kaya na sauka. Mene ne bambancinsa da wanda Injiniya yake magana a kai?

Mai Zane:
Ƙanina, tambayarka ita ce tsakiyar maganar, kuma aikina ke nan kullum, don haka bari in tsaya a kai.

Bidiyon da ake nuna muku ni nake tsara masa hanya. Na ce kaya ya tashi daga nan, ya bi nan, ya sauka can, kwamfuta ta zana. Ba ta san jadawalin nauyi ba. Zan iya sa kiren mai tan 50 ya ɗaga tan 200 a bidiyo, ya fito da kyau, har da inuwa. Amfaninsa a bayyana wa mutane shirin da aka riga aka yanke.

Na biyun kuwa, wanda Injiniya yake magana a kai, an cusa masa jadawalin wannan kiren ɗin, da tsawon bum ɗin da aka haɗa, da yawan nauyin baya, da faɗin da aka buɗe ƙafafun da kiren ke tokare ƙasa da su. In ka kwantar da bum, tazara ta ƙaru, ƙarfin ɗauka ya ragu, kana kallon lambar tana hawa daga 70 zuwa 85 zuwa 100. In ka matsar da kiren mita biyu, komai ya sake lissafuwa nan take. Kana iya tambayarsa "in muka yi kaza fa?" sau hamsin cikin awa ɗaya. Masu ƙera kiren suna da nasu, kamar Crane Planner 2.0 na Liebherr, akwai kuma irin su 3D Lift Plan da ke ɗauke da jadawalin kamfanoni daban-daban. Wasu kuma sukan ɗauko siffar masana'antar gaba ɗaya daga manhajar zanen gine-gine ta Navisworks su zuba ta cikin Unity ko Unreal, injinan da ake gina wasannin kwamfuta da su, har mutum ya sa gilashin nan da ke shigar da kai cikin hoton, ya tsaya inda ɗan sigina zai tsaya ya ga abin da zai gani da wanda ba zai gani ba.

Akwai na uku, kar ka haɗa su: kujerar koyon tuƙi, irin ta CM Labs da ke Kanada. Wannan hannun direba take horarwa, yadda zai kama lilon kaya da sauransu. Tana iya taimaka wa shiri, amma ba don shi aka yi ta ba.

Injiniyar Ƙasa:
Na karanta duka, ba wanda ya ambaci abin da kiren ɗin yake tsaye a kai. A cikin kowace manhaja da na taɓa gani, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, tauri gare ta kamar dutse, ba ta nutsewa. A fili kuwa akwai cikon da aka yi bara ba a danne shi da kyau ba, akwai tsohon magudanin ruwa da ya ɓace daga zane, akwai ramin wayoyi mai murfin kankare siriri.

Manhaja mai kyau za ta gaya maka nauyin da ke sauka a kan kowace ƙafa, wannan kuwa babbar kyauta ce, don nauyin ba ya zama wuri guda. Yayin da bum ke juyawa yana ƙaura daga ƙafa zuwa ƙafa, ya fi tsanani in bum ya bi ta saman ƙafa ɗaya. To a ce ta ba ka tan 60 a ƙafar. Farantin ƙafar santimita 60 ne ta kowane gefe, wato bai kai rabin murabba'in mita ba, 0.36. Raba ka gani: kusan tan 167 a kan murabba'in mita guda. Ƙasa kaɗan ce za ta ɗauki wannan. Ka sa shimfiɗar ƙarfe mai mita 2 da mita 3, ya sauko tan 10, in har shimfiɗar tana da kaurin da za ta raba nauyin ba ta lanƙwashe ba. Amma ko ƙasar wurin za ta ɗauki tan 10 ɗin, wannan allo ba zai gaya maka ba. Sai an haƙa, an gwada, an nemo zanen abin da ke binne.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne launin kore. Mutane suna ganin allo ya yi kore sai zuciyarsu ta kwanta a kan komai, har da abin da allon bai taɓa dubawa ba.

Injiniyan Ɗagawa:
Yaya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Da muka matsar da kiren don mu kauce wa bum ɗin, ƙafar baya ta hagu ta koma wani wuri da ba a gwada ƙasarsa ba. Rahoton da ke hannuna na tsohon wurin ne.

Injiniyar Ƙasa:
To shirinka bai kammala ba, ƙanina. Kar ka bari a ɗauke shi a matsayin kammalalle. Kuma in kiren mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya ne wata rana, ka tuna ba lallai lokacin da kaya ke rataye ne ƙasa ta fi shan wuya ba. Akwai lokacin da ƙugiya ba komai, bum a miƙe sama, nauyin baya ya danne ƙarshen sarƙar. Akwai kuma lokacin tayar da dogon bum daga ƙasa ranar haɗawa. Ku riƙa gwada waɗannan ma, ba ɗagawar kaɗai ba.

Mai Ɗaure Kaya:
Ni kukana a kan lambar farko ne, tan 62 ɗin nan. Injiniya, sabon tulun ne ke da 62 ko tsohon?

Injiniyan Ɗagawa:
Takardar duka biyun haka ta ce, iri ɗaya ne.

Mai Ɗaure Kaya:
Takardar ranar da ya fito daga maƙera ke nan. Wanda ya shekara ashirin yana aiki fa? Akwai dattin da ya daskare a cikin bututunsa, akwai ruwan da bai gama tsiyayewa ba, akwai rigar hana zafi da ta sha ruwa, akwai ƙarafan da aka yi ta liƙa masa. Na taɓa ɗaure wani da takarda ta ce tan 40, da muka ɗan ɗaga shi daga mazauninsa agogon auna nauyi na direba ya nuna 47, kuma ya karkata gefe guda don duk dattin a can ya taru. Igiya ɗaya ta yi tauri kamar sanda, ɗayar tana lilo. Na ji sautin wayar tana ƙara, wannan ƙaran da duk mai ɗaure kaya ya sani. Muka mayar da shi muka zauna. Kai kana kan kashi 82 da lambar takarda. Ƙara tan 7 ka gani, ka haura 91.

Sannan kusurwar igiya. A allo mai zane yana da igiya kowane tsawo yake so. A akwatinmu abin da ke akwai shi ke akwai. In igiya ta tashi digiri 60 daga kwance, abin da take ja ya ƙaru da kusan kashi 15 a kan rabonta. A digiri 45 ya ƙaru da kashi 41. A digiri 30 ya ninka. In aka ce babu sarari a sama, a gajarta igiya don kaya ya tsallake gadar bututu, to an sayi sarari ne da ƙarfin igiya da kunnen ƙarfen jikin kaya da aka maƙala ta. A kira mu wurin gwajin nan mu ma, mu zo da jerin abin da muke da shi a hannu.

Mai Zane:
Wannan ita ce fa'idar wanda ake juyawa da hannu ai, Malam. Ka ce mini a sa 69 maimakon 62, a matsar da cibiyar nauyi rabin mita, cikin minti ɗaya mun ga sakamako. Matsalar ba a cika tambaya ba.

Manajan Aiki:
Bari in shigo ta ɓangaren da ba a so. Injiniya ya ce a wajabta. A babban aiki muna ɗagawa ɗaruruwa a wata. In kowacce sai an gina mata siffa a kwamfuta an tara mutum takwas a ɗaki, ba za mu gama ba. Gina siffar kanta aiki ne: in tsohuwar masana'anta ce, zanen da ke ofis ya sha bamban da abin da ke tsaye, sai an kawo na'urar leza ta ɗauki hoton wurin, a tace, a haɗa. Kwanaki ne. Ina layin yake?

Jami'in Kariya:
Ranka ya daɗe, layin akwai shi tun kafin kwamfuta. A dokokin OSHA, hukumar kariyar ma'aikata ta Amurka, ɓangaren kafa ƙarafan gini, ɗagawa mai haɗari ita ce wadda ta haura kashi 75 na ƙarfin kiren, ko wadda ke buƙatar kiren fiye da ɗaya. Kamfanoni da yawa sun ɗauki wannan suka ƙara nasu: ɗagawa ta saman bututun da ke ɗauke da gas ko mai, kusa da wayar lantarki, inda direba ba ya ganin wurin saukewa, ko kayan da in ya lalace sai an jira shekara kafin a ƙera wani. A Birtaniya dokar LOLER ta 1998 ta ce kowace ɗagawa sai wanda ya ƙware ya tsara ta, a sa mata ido, kuma ƙa'idarsu ta aiki da kiren, BS 7121, ta ɗora nauyin a wuyan mutum ɗaya da aka naɗa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya ce sai da manhaja. Abin da suke nema shi ne zurfin shiri ya yi daidai da girman haɗari.

A ganina ba kason nauyi kaɗai ya kamata ya ja mu zuwa gwajin kwamfuta ba, cunkoso ne. Kashi 90 a buɗaɗɗen fili, lissafin takarda ya isa. Kashi 50 a tsakiyar bututu da kiren biyu, nan ne nake so in gani da idona kafin ranar.

Manajan Aiki:
Wannan zan iya rayuwa da shi. Kuma in faɗi gaskiya, inda ni na ga ribarsa ba ma a kariya ba ne kaɗai. Lokacin da aka rufe masana'anta don gyara, kowace awa a ƙidaye take. Babban kiren mai sarƙa yana zuwa ne a kan tireloli da yawa, a kwana ana haɗa shi. In aka haɗa sannan aka gano bum ya gaza da sashe ɗaya, ko wurin tsayuwar bai yi ba, an rasa kwanaki, ga ɗaruruwan ma'aikata na jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Direba:
Tunda an ambaci kiren biyu, bari in ba ku inda ni kaina na sallama. Tayar da doguwar hasumiya daga kwance zuwa tsaye. Babban kiren na riƙe da kai, ƙarami na riƙe da gindi. Duk rayuwata da ji a jiki nake yin wannan, ina kallon igiyata ta tsaya a miƙe, ina sauraron rediyo. Ranar da wani yaro injiniya ya zaunar da mu da ɗaya direban ya nuna mana yadda nauyi ke ƙaura tsakaninmu, ranar na fahimci abin da jikina ya daɗe yana gaya mini.

Ɗan Koyo:
Baba, yaya yake ƙaura? Na ɗauka rabi da rabi ne.

Injiniyan Ɗagawa:
Bari in amsa da lamba, Baba ya gyara mini. Hasumiya tan 120. Kunnen gindi yana can ƙarshe, kunnuwan sama suna mita 32 daga gindi, cibiyar nauyi tana mita 18 daga gindi. Tana kwance, babban kiren na ɗauke da 120 sau 18 a raba da 32, tan 67.5. Na gindi na ɗauke da 52.5. Tana gama miƙewa, duk 120 ɗin sun koma kan babba. Yanzu a ce an yi kuskuren mita 2, cibiyar tana mita 16 ne. Na gindi ya tashi daga 52.5 zuwa 60, shi kuwa yawanci shi ne ƙarami, shi aka fi matsewa.

Tsohon Direba:
Haka ne, kuma ga abin da lambar ba ta faɗa ba. Nauyin ba ya barin na gindi a hankali daidai-wa-daida. Yana nan yana nan, sai can dab da miƙewa ya zube kan babba cikin ɗan lokaci. A nan ne in ɗayanmu ya riga ɗaya, igiya ta karkace, bum ya sha ja ta gefe, shi kuwa bum ba a yi shi don ja ta gefe ba. Da muka gwada sau huɗu a allo, muka amince a kan wuraren da za mu tsaya cak mu duba igiya kafin mu ci gaba. Ranar aikin ba wanda ya ɗaga murya a rediyo.

Amma Injiniya, wani abu: manhajarku tana lanƙwasa bum? Domin in ka ɗauki kaya mai nauyi da dogon bum, yana rusunawa, kan ya matsa gaba, tazara ta ƙaru. In ba ka ɗaga bum ka rama ba, kaya na barin ƙasa zai yi lilo waje. Santimita 30 ɗinka a kan miƙaƙƙen bum aka auna ko a kan wanda ya rusuna?

Mai Zane:
Baba, wasu suna lissafa rusunawar, musamman na masu ƙera kiren ɗin, don su ke da bayanan ƙarfensu. Wanda aka gina a injin wasa sau da yawa sanda ce ƙiƙam, sai in an sa mata da gangan. Dole mai amfani ya san wanne ke gabansa. Ni dai ba na yarda da rata ƙasa da mita ɗaya a allo ba tare da na rubuta ta da ja a shirin ba.

Jami'in Kariya:
Saura iska, kuma ina roƙon a ba ni dama in tsawaita.

Ranar 14 ga Yulin 1999, a Milwaukee ta Amurka, wani ƙaton kiren da ake kira Big Blue yana ɗaga wani ɓangaren rufin filin wasa mai kimanin tan 400. Nauyin bai fi ƙarfinsa a takarda ba. Iska ce ta bugi faffaɗan rufin ta gefe, kiren ya karye ya zube, ma'aikata uku da ke cikin kwandon da wani kiren ke riƙe da shi suka rasu. Kiren da ya faɗo a Masallacin Harami na Makka kuma duk mun sani, 11 ga Satumban 2015, sama da mutum 100, Allah Ya jiƙansu. Wannan ba ma ɗagawa yake yi ba, a ajiye yake da bum a sama guguwa ta same shi. Wace manhajar tsara ɗagawa ce za ta nuna maka haɗarin kiren da ba ya aiki, in ba kai ka tambaye ta ba?

Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Kuma iyakar iskar da ke jikin jadawali an gina ta ne a kan zato: a ƙa'idar Turai ta kiren masu taya, ana ɗauka kowane tan ɗaya na kaya yana da fuskar murabba'in mita ɗaya, a ninka da 1.2 saboda siffa. To ɗauki faifan bango mai tan 5 amma fuskarsa murabba'in mita 40. Ya ninka zaton sau takwas. In jadawali ya ce mita 9 a sakan, na wannan kayan ya sauko wajen mita 3. Direba na ganin kashi 20 a agogonsa yana jin daɗi, alhali yana riƙe da tanti. Kaya mara nauyi mai faɗi ya fi ba ni tsoro a kan tulun Injiniya.

Mai Ɗaure Kaya:
Mu da ke riƙe da igiyar akala a ƙasa mu muka san wannan. Faifai in iska ta kama shi, mutum biyu ba sa tsayar da shi, jan su yake yi.

Injiniyar Ƙasa:
Shi ya sa nake so kowane shirin da ya fito daga kwamfuta ya zo da shafi ɗaya a gaba: ga abin da aka gwada, ga abin da aka ɗauka a kan zato, ga ranar da aka ɗauki hoton wurin. Ranar nan tana da muhimmanci. Filin gini yana sauya kama kowane mako. Siffar da aka ɗauka wata biyu da suka wuce ba ta san an kafa sikafol, wato matakalan ƙarfe na magina, jiya a kan hanyar nauyin baya ba.

Ɗan Koyo:
To manyan ayyukan duniya fa, su ma haka suke fama? Na ga hoton wanda ya ɗora murfi a tashar nukiliya a Ingila.

Mai Zane:
Big Carl ke nan, SGC-250 na kamfanin Sarens, a Hinkley Point C. A Disambar 2023 ya ɗora murfin ƙarfe mai tan 245 da faɗin mita 47 a kan ginin tukunyar nukiliya ta farko. Ka lura, kiren ne da aka yi shi don tan 5,000, nauyin murfin ba komai ba ne a wurinsa in a kusa ne. Wahalar tana ga nisa, da faɗin abin, da saukar da shi daidai a kan da'irar da ke jiransa, da samun lokacin da iska ta kwanta. Tambayoyinsu irin namu ne, ƙanina, sikelin ne ya bambanta.

Manajan Aiki:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In allo ya ce kore, direba ya ce bai yarda ba, wa ke da magana?

Jami'in Kariya:
Direba, ranka ya daɗe, ba ma shi kaɗai ba. Duk wanda ke cikin aikin in ya ba da alamar tsayawa, an tsaya. Manhaja ba ta sa hannu a takarda, mutum ke sawa.

Tsohon Direba:
A rubuce haka yake. A fili kuwa, yaro direba mai shekara biyu a kujera, ga manaja tsaye, ga injiniya riƙe da kwamfuta yana cewa mun gwada ya wuce, da wane baki zai ce a'a? Wannan shi ne tsorona na gaske da abin nan, kar ya zama sandar dukan direba. In yana cikin ɗakin ranar gwaji, hannunsa ne a kan madannai, to shirin nasa ne, in ya ga abin da ya sauya zai faɗa da ƙarfin gwiwa. In kuwa an gama an kawo masa ne, an ƙara masa hannu na bakwai a kan takardar da ba a tambaye shi ba.

Injiniyan Ɗagawa:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga inda nake yanzu. Na janye sa hannuna daga shirin yau da rana. Na rubuta a kawo masu gwajin ƙasa su duba sabon wurin ƙafar hagu, kuma na nemi zanen abin da ke binne a wajen, don wani tsohon ma'aikacin masana'antar ya ce kamar akwai magudani a nan. Tsohon tulun za mu sake gwada shi a kan tan 70, kuma ranar aikin za mu ɗaga shi ɗan kaɗan mu riƙe, mu karanta agogo kafin a juya. Mai ɗaure kayanmu zai zo zaman jibi da jerin igiyoyinsa. Na tambayi wanda ya gina siffar ko bum ɗinsa na rusunawa, ya ce zai duba ya gaya mini gobe.

Yaya Injiniya, in rahoton ƙasar ya fito zan so ki duba mini lissafin shimfiɗar, in kina da sarari.

Injiniyar Ƙasa:
Turo shi. Ka haɗo da kaurin shimfiɗar da nauyin kowace ƙafa a duk zagayen juyin, ba a wurin ɗauka da saukewa kaɗai ba. In magudanin ya tabbata, ka auno mini zurfinsa da nisansa daga gefen shimfiɗar.